Zakka, Baitulmali da Masaukin Marasa Muhalli a Tarihin Ƙasar Illela

Gabatarwa

Illela gari ne na bakin iyaka a arewacin Jihar Sakkwato, tafiyar kimanin kilomita 85 daga birnin Shehu, kuma ɗan taƙi ne tsakaninta da Birnin Ƙonni ta Jamhuriyar Nijar. (Kada a haɗa ta da Illelar Adar da ke cikin jihar Tawa.) Gari irin wannan ba ya rabuwa da baƙi. Akwai waɗanda kasuwar Lahadi kan kawo, su yi kwana ɗaya ko biyu su wuce. Akwai kuma waɗanda fari, ko ambaliya, ko rufe iyaka, ko tashin hankali kan koro, su sauka ba su san ranar tashi ba. Manufar wannan maƙala ita ce bin diddigin tambaya guda: a cikin shekaru ɗari biyu da suka wuce, daga rumbun wa ko aljihun wa ake ɗaukar nauyin mutumin da ba shi da wurin kwana a wannan yanki? Za a ga cewa kowane sauyin mulki ya ƙara nisanta dukiyar jama'a daga ƙofar gidan da ake saukar baƙo, alhali kuwa nauyin saukar yana nan inda yake tun farko, watau a wuyan maigida.

Sunayen da Hausa ta ba su

"Marasa muhalli" lafazi ne na gidajen rediyo da takardun gwamnati. Hausar da ba ta tara waɗannan mutane a ƙarƙashin suna ɗaya ba. Akwai baƙo, akwai matafiyi, akwai almajiri da ɗan cin rani, akwai gajiyayye da musaki, kuma kowane suna yana nuna wanda ya kamata ya ɗauki nauyin mai shi. Almajiri na malaminsa ne da unguwar da yake bara a cikinta. Farke na fatomansa ne, wanda ke ba shi ɗaki da abinci, ya adana masa kaya, sa'an nan ya mayar da abin da ya kashe daga la'adar ciniki. Makafi da kutare da guragu suna da sarakunansu a manyan birane. Clapperton ma ya ambaci unguwar makafi da ya gani a Kano a 1824. Wanda ya fi kowa shiga uku shi ne wanda ake kira marar galihu, kuma abin lura ne cewa wannan suna bai ambaci gini ba ko kaɗan. Rashin mutane yake nufi.

Dalili kuwa a fili yake. A ƙasar da ake gina ɗaki da ƙasa, a yi masa jinka da kara da ciyawa, kuma mai gari ke yanka wa sabon zuwa fili, ɗaki ba shi ne abu mai tsada ba. Abin da ke da tsada shi ne tuwon da mutum zai ci kafin gonarsa ta nuna, da kuma wanda zai tsaya masa a ce an san shi. Saboda haka ginin Bahaushe ya tanadi wurin baƙo tun daga ƙofa: zaure, da shigifa a bayansa, nesa da cikin gida. Karin maganar nan da ke cewa baƙo raɓa ne ta bayyana sharaɗin wannan tsari, watau ana sa ran baƙon zai tashi.

Zamanin Daular Usmaniyya

Daular da ta mallaki wannan yanki a ƙarni na 19 daga rashin muhalli ta faro. A watan Fabrairu na 1804 Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da jama'arsa suka yi hijira daga Ɗagel zuwa Gudu, duk a wannan kusurwa ta arewacin Sakkwato, kuma sai a 1809 Muhammadu Bello ya kafa birnin Sakkwato. Mutanen da suka yi shekara biyar suna ƙaura daga sansani zuwa sansani ba su buƙatar a gaya musu darajar masauki. Ba mamaki ke nan da shugabannin jihadi suka yi rubutu mai yawa a kan dukiyar jama'a. A cikin Kitabul Farƙi Shehu ya soki jangali da kuɗin gari da gaisuwa, ya kuma lissafa hanyoyi bakwai da shari'a ta yarda baitulmali ya samu dukiya, daga cikinsu akwai humusin ganima, da jiziya, da gadon da ba shi da magaji, da dukiyar da ba a san mai ita ba. Malam Abdullahi na Gwandu ya faɗaɗa bayanin a cikin Liya'ul Hukkami.

Amma asusun da ya fi kusa da marar masauki shi ne zakka, domin matafiyin da guzuri ya yanke masa yana cikin kashi takwas da aya ta 60 ta Suratut Tauba ta ambata, tare da faƙiri da miskini da wanda bashi ya kanainaye. A ƙasar noma irin wannan zakka hatsi ce, dami ɗaya daga kowane goma idan amfanin gona ya kai nisabi. Akwai hukunce-hukunce biyu na mazhabar Malikiyya waɗanda suka tsara yadda wannan hatsi ke tafiya, kuma ba a cika ba su muhimmancin da ya kamace su ba a cikin nazarin tarihi. Na farko, ana raba zakka a inda aka fitar da ita ko kusa da nan. Ba a ɗauke ta a kai nesa, gwargwadon tafiyar da ake yin ƙasaru a cikinta, sai idan mutanen can sun fi tsananin buƙata. Na biyu, zakka mallaka ake yi wa mutum da ita. Ba a gina masallaci ko ganuwa da ita. Hukunci na farko ya ɗaure dukiyar a kusa da mabuƙaci. Na biyu kuwa ya sa zakka ta zama abin ciyar da mutum, ba abin gina masa gida na hukuma ba.

A ƙasashen Musulmi na gabas waƙafi ne ya cike wannan gurbi. Alal misali, gidan ciyarwar da matar Sarkin Musulmi Sulaimanu na daular Turkawa ta kafa a Ƙudus a 1552 yana da ƙauyuka da gonakin da aka tsayar domin gudanar da shi, ya kuma ɗauki ƙarnoni yana aiki. A ƙasar Hausa irin wannan babban waƙafi bai yi ƙarfi ba, kamar yadda John Iliffe ya lura a cikin littafinsa na 1987 a kan tarihin matalautan Afirka. Ana iya danganta haka da yalwar ƙasa, domin gonar da ba ta da masu noma ta ba ta kawo kuɗin shiga, kuma mai dukiya ya fi son ya tara mutane bisa ga ya tara gine-gine. Ko babban baƙo irin Clapperton, da ya iso Sakkwato a 1824, a hannun Waziri Giɗaɗo aka danƙa shi. Masauki aikin gida ne, ko da gidan na waziri ne.

Hanyar da hukuma ta bi da kanta wajen samar wa mutane muhalli ita ce kafa garuruwa. Sarkin Musulmi Bello, a cikin Usulus Siyasa da ya rubuta wa Ummarun Dallaje na Katsina, ya ɗora wa shugaba nauyin raya garuruwa da kasuwanni da hanyoyi da ƙarfafa masu sana'a, kuma ya aikata haka da ribaɗoɗin da ya kafa, irin su Wurno. Jikokin Shehu suka ci gaba da wannan siyasa ta fuskar arewa. Sarkin Musulmi Ahmadu Atiku ya zauna Cimmola, ɗansa Muhammadu Maiturare kuma, wanda ya riƙe sarautar Marafa kafin ya zama Sarkin Musulmi a 1915, ya kafa Gwadabawa a wajejen 1880. Daga nan ya tsare dajin da ya miƙa zuwa Ƙonni, ya buɗe shi ga manoma da makiyaya daga Adar da Gobir da sauran wurare. Ƙasar da Illela ke ciki a yau tana cikin wannan gunduma ta Marafa. Wanda yaƙi ko yunwa ta raba da garinsu yakan samu fili da tsaro, shi kuma ya biya da zakkar gonarsa da kafaɗarsa a ranar yaƙi.

Ba daidai ba ne a mayar da wannan zamani aljanna. Yaƙe-yaƙen da suka kafa ribaɗoɗin su ne kuma suka tarwatsa wasu garuruwan, kuma da yawa daga cikin waɗanda aka zaunar bayi ne da ba su zaɓi zaman ba. Hatsin zakka yana bi ta hannun masu sarauta, kuma ba kowane dami ne ke isa ga mai haƙƙi ba. Abin da za a iya faɗi kawai shi ne, mai tarawa da mai bayarwa da mai karɓa duk suna gari ɗaya, kowa na ganin rumbun.

Iyaka da baitulmalin En'e

Yarjejeniyar da Ingila da Faransa suka ƙulla a 1898 ta zana baka mai nisan mil 100 daga Sakkwato, wanda ya bar Ƙonni a ɓangaren Ingila. Wannan bai hana rundunar Voulet da Chanoine ta Faransa afka wa Birnin Ƙonni a watan Mayu na 1899 ba, inda ta yi kisa mai yawa. Bayan Turawan Ingila sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903, sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka janyo layin kudu domin Faransa ta samu hanya mai rijiyoyi zuwa Damagaram, aka kuma kafa alamomin iyaka tsakanin 1906 da 1908. Ta haka Ƙonni ta koma hannun Faransa, ƙauyukan kudu da ita suka zama bakin ƙasa. Harajin Faransa da aikin tilas, wanda ba a soke shi ba sai 1946, suka riƙa tura mutane zuwa wannan ɓangare. Kalmar baƙo ta samu sabuwar ma'ana da ba ta da ita a da, watau mutumin da sunansa ba ya cikin takardar harajin wannan ƙasa.

Sauyin da ya fi zurfi kuwa a kan zakka aka yi shi. Ƙasar Sakkwato kanta ba ta saba da kuɗin ƙasa irin na Kano da Katsina da Zazzau ba. Zakka ita ce babban abin da manomi Musulmi ke bayarwa. Dokokin haraji na Gwamna Lugga na 1904 da 1906 suka narkar da ita cikin haraji guda, wanda sannu a hankali ya koma na tsabar kuɗi, ana raba shi tsakanin gwamnati da sarakuna. Daga baya kason sarakuna ya shiga baitulmalin En'e, tsarin da Razdan Palmer ya fara gwadawa a Katsina, ya kuma bazu a sauran masarautu daga 1911. An ari sunan baitulmali, amma abin da ke cikinsa da inda yake zuwa sun sauya. Manyan kanun kasafinsa su ne albashin sarki da hakimai da alƙalai da 'yan doka, da gidan yari, da ayyukan gini, sa'an nan daga baya makarantu da ɗakunan shan magani. Rarar kuwa akan ajiye ta, har a zuba wani abu daga cikinta a Ingila. Abin da akan ware domin sadaka bai taka kara ya karya ba. Masaukin da hukuma ta tabbatar da gyaransa a kowace gunduma shi ne barikin da Di'o ke sauka idan ya fito rangadi, shi ma talakawa ne ke yi masa jinka.

Manomin da ya san haraji ba ya sauke masa farilla sai ya ci gaba da fitar da zakkarsa a gefe, ya ba malaminsa ko maƙwabcinsa. Ke nan yana biya sau biyu, kuma kashi na biyun ne kaɗai ke isa ga mabuƙaci. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba a wasu sassan ƙasar Hausa, ta tona wannan rauni. Jama'a suka kwararo kudu daga ƙasar Faransa, rumbunan gidaje suka ƙare, an kuma karɓi harajin shekarar, agajin gwamnati kuwa ya zo a makare kuma bai kai ko'ina ba. Michael Watts ya yi wa wannan lamari nazari mai tsawo a littafinsa na 1983. Abin mamaki shi ne, Ingila da kanta tun 1601 take da dokar da ta ɗora wa kowace gunduma tara kuɗin kula da matalautanta, amma ba ta ga dalilin kafa makamancin haka a nan ba, tana mai dogaro da cewa al'ada da addini sun wadatar.

Inda En'e ta sa hannu a mazaunin dindindin shi ne sha'anin kutare. A ƙarshen shekarun 1930 aka kafa mazaunin Amanawa kusa da Sakkwato, 'yan mishan na SIM suna gudanarwa, baitulmali yana tallafawa. Sauran masu yawo kuwa suka ci gaba da dogaro da zaure. Binciken da aka gudanar a ranin 1952 zuwa 1953 ya ƙidaya fiye da mutum 250,000 da suka bi hanyoyin fita daga Lardin Sakkwato, mafi yawansu 'yan cin rani, wasunsu daga ƙasar Faransa. Wannan taro duka a zaurukan 'yan uwa da malamai da rumfunan kasuwa ya riƙa kwana a kan hanya, ba tare da ya shiga kasafin kowace hukuma ba.

Daga En'e zuwa ƙaramar hukuma

Farin 1972 zuwa 1974 ya kawo Buzaye da Fulani da Adarawa waɗanda dabbobinsu suka ƙare, kuma hanyar Ƙonni zuwa Illela na cikin manyan ƙofofin da suka shigo ta ciki. Kuɗin man fetur sun samu a lokacin, gwamnatin tarayya ta ba da agajin fari, amma agaji ne na shekara guda, wanda ke ƙarewa da faɗuwar damina. Shekara goma bayan haka fari ya dawo, ya tarar da iyaka a rufe, domin gwamnatin Janar Buhari ta rufe ta a watan Afrilu na 1984, ba a kuma buɗe ba sai Maris na 1986. Mutanen Nijar har yau suna kiran yunwar wannan shekara El-Buhari. Sunan ya isa shaida cewa, ga talakan Adar da Ƙonni, kasuwanni da gidajen kudu da iyaka suna cikin tanadinsa na ranar wuya.

A tsakanin waɗannan fari biyu aka yi gyaran ƙananan hukumomi na 1976, wanda ya kawo ƙarshen En'e. Gwamnatocin Kano da Kaduna suka soke haraji da jangali a 1979, sauran jihohin Arewa suka bi sahu. Talaka ya huta da wulaƙancin masu karɓar haraji, wannan ba abin musu ba ne. Sai dai daga nan ƙaramar hukuma ta daina kallon manomi a matsayin mai ciyar da ita, ta koma kallon kason da ke zuwa daga asusun tarayya. A kan takarda nauyin marasa muhalli nata ne. Jadawali na huɗu na tsarin mulkin 1979, da na 1999 bayansa, ya sa kafa gidajen gajiyayyu da kula da su a cikin ayyukan ƙaramar hukuma, a layi ɗaya da maƙabartu. Sashe na 16 na tsarin mulkin 1999 ya kuma ambaci samar wa kowane ɗan ƙasa matsuguni, amma yana cikin babin da sashe na 6 ya hana a kai gwamnati ƙara a kansa.

A nan matsayin Illela ya fito da wani abu da ba a gani sosai a garuruwan cikin ƙasa. Dukiya mai yawa na ratsa garin, shanu da raƙuma da albasa da wake suna shigowa, kayan masarufi suna fita. Kuɗin fito da jami'an kwastan ke karɓa na tarayya ne, asusun tarayya suke tafiya. Abin da doka ta bar wa ƙaramar hukuma shi ne kuɗin rumfunan kasuwa da tashar mota da makamantansu. Kason ƙananan hukumomi 774 gaba ɗaya kashi 20.6 ne cikin ɗari na asusun tarayya, kuma sashe na 162 ya sa yana bi ta asusun haɗin gwiwa da ke hannun jiha. Idan aka rufe iyaka, kamar yadda aka yi daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, da kuma bayan juyin mulkin Nijar daga Agusta 2023 zuwa Maris 2024, ɗan abin da kasuwa ke kawowa yakan ragu a daidai lokacin da direbobi da 'yan dako da matafiya suka maƙale a garin.

Zakka ta dawo hannun hukuma ta wata ƙofa. Bayan dawo da shari'a a shekara ta 2000, gwamnatin Aliyu Magatakarda Wamakko ta kafa kwamitin zakka da waƙafi a 2007, ta kuma fara biyan naƙasassu naira 6,500 a wata; a 2016, zamanin Aminu Waziri Tambuwal, doka ta ɗaga kwamitin ya zama Hukumar Zakka da Waƙafi, mai rassa a gundumomin hakimai. Rassan gundumomi su ne suka fi kusa da tsohon hukuncin Malikiyya, domin hatsin da aka tara a gunduma a nan ake raba shi. Amma fitar da zakka ta hannun hukumar ganin dama ne, kuma babban ɓangare na abin da take kashewa a kan marayu da marasa lafiya daga tallafin gwamnatin jiha yake fitowa. Sanya kalmar waƙafi a cikin sunanta ya nuna an gane gurbin da tarihi ya bari, tunda waƙafi ne kaɗai a cikin asusun addini ke iya gina ɗaki ya kuma ci gaba da gyara shi.

Lokacin da maigida ya zama baƙo

Ambaliyar kogin Rima ta watan Satumba 2010, wadda ta cinye ƙauyuka a Goronyo da Gada da Gwadabawa da maƙwabtansu, ta nuna iyakar tsarin zaure, domin ruwa ya tafi da gidan mai saukar baƙi da rumbunsa a dare ɗaya. Ta'addancin 'yan bindiga, wanda ya tsananta a gabashin jihar daga 2019 ya kuma taɓa ƙauyukan Illela a 2021, ya fi ambaliya muni ta wannan fuska, tunda ruwa yakan janye a koma gona, shi kuwa ɗan bindiga gonar yake hanawa. Manomin da bai yi noma ba ba shi da zakkar fitarwa, ya ma koma cikin masu karɓa. Jihohin Arewa maso Yamma ba su rungumi tsarin manyan sansanoni irin na Borno ba, saboda haka mafi yawan waɗanda aka kora suna gidajen dangi, da makarantu, da kangayen da ba a gama gininsu ba, agajin hukumomin ba da agajin gaggawa na tarayya da na jiha yana zuwa jefi-jefi.

Iyaka ta sake raba mutane biyu da masifa ɗaya ta koro. Wanda ya tsallaka zuwa jihar Maraɗi ya zama ɗan gudun hijira a idon dokar duniya, yana da hukumar Majalisar Ɗinkin Duniya mai kasafi domin shi, wadda daga ƙarshen 2019 ta zaunar da dubbai a Garin Kaka da Ɗan Daji Makau da Cadakori, kusa da garuruwan da suka karɓe su. Wannan ya yi kama ƙwarai da abin da Marafa Maiturare ya yi, sai dai kuɗin daga Janeba suke fitowa. Wanda ya tsaya a Illela kuwa yana cikin ƙasarsa, don haka nauyinsa na gwamnatinsa ne. Nijeriya ta amince da Yarjejeniyar Kampala ta kare irin waɗannan mutane a 2012, ta kuma fitar da manufar ƙasa a kansu a 2021. A ranar 11 ga Yuli 2024 Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye, ba ta hannun gwamnoni ba. Hukuncin ya tsaya ne a kan hanyar da kuɗin za su bi. Bai yanka wani kaso domin gidajen gajiyayyun da jadawali na huɗu ya ambata ba, ya bar wannan ga kasafin da kansilolin kowace ƙaramar hukuma za su zartar.